Waɗanda Ba Su Taka Leda Ba

An ce in miƙe in kira sunaye
yau da Tsintsiya ta cika ashirin da biyar.
Masu zura ƙwallo kowa ya san su,
yara na rubuta su da gawayi a bangon firamare.
Ni waɗanda ba su taɓa taka leda ba zan kira.

Baba Nayaya, Allah ya kai haske kabarinka.
Gonar bayan ɗorawa dami talatin take ba ka
in damina ta yi albarka.
Ka dogara sanda, ka dube mu
muna bin ƙwallon tsumma a tsakanin kunyoyi,
ka ce, "Ku tumɓuke tushiyar nan,
ku daina fasa yatsu a banza."
'Ya'yanka sun yi gunaguni har bayan lisha.
Ka bar duniya ba ka san mene ne bugun kusurwa ba.

Sabi'u tela, kai da ba ka jin usur,
ka yanka mana lambobi daga guntun atamfa,
ka kifa shida ta koma tara.
Shekara uku muna da tara biyu a fili.
Alƙalin wasa a Kiyawa ya zaro kati,
ya dubi wannan, ya dubi wancan,
ya mayar aljihu.

Iya Tabawa, tokar murhunki ce layinmu.
Kowace Juma'a jikarki Hansatu ta ɗauko ta a tsohuwar tasa,
wani lokaci da sauran ɗumi.
Mu ja, iska ta share, mu sake ja.
Ranar da Aujara ta ɗura mana biyar da nema
muka dawo kamar kaji a ruwa,
kika ce ƙosai ba ya tambayar wa ya ci wa.
Na ci bakwai. Har yau ban biya ba.

Ragarmu ta farko taru ce.
Ɗanbaba masunci ya sakar mana bayan ta gaji da fadama.
Duk ƙwallon da ta kwana ciki
da ƙarnin tarwaɗa take fitowa.

Hudu mai faci, na ƙirga da idona:
ƙwallo ɗaya, faci goma sha bakwai.
Ƙayar aduwa ta huda, ka liƙe,
ka hura, ka kara a kunne kamar mai jin numfashin jariri.
In an miƙa kuɗi ka ce a sayo wa gola safar hannu.

Sai Ilu Gajere da a-kori-kurarsa.
Gaskiya mun tura ta fiye da yadda ta ɗauke mu.
Ranar kofi a Dutse ta mutu sau uku kafin kwalta,
muka isa da taɓo har gwiwa,
muka shiga fili ba mu ko kurɓi ruwa ba.
Saura minti huɗu Zakari ya sa kai.
Filin ya ɗauka, har tsuntsaye suka tashi.
Ilu bai gani ba.
Yana ƙarƙashin mota da waya a baki
don mu samu abin komawa gida.

Kofin na ofishin hedimasta.
Sunaye sha ɗaya aka zana, har da nawa,
ni da nake barin ɗan gaba ya wuce ni kamar ƙofar kasuwa.

Yanzu da fenti ake jan layi.
Ɗana Nafi'u ne ke sa shida, shida ta gaskiya.
Ɗazu da safe na bi ta gidan Iya.
Ido ya tafi, amma ta gane tafiyata,
ta ce, "Ɗan bashi, yau ma wasa?"
Na ce wasa.
Ta ce in duba murhu, akwai toka.

Ga ta nan a aljihuna.
Alƙali, dakata da usur tukuna.